Inda Nake Kai Tambayata Idan Gwaji Ya Ƙi

Wata ɗalibata da ke shekarar farko ta digirin digirgir ta tsaya a ƙofar ofishina makon da ya wuce, waya a hannu, ta ce, "Malam, a wane dandalin sada zumunta ya kamata in buɗe shafi? An ce mana a wurin bita mu fara tallata aikinmu."

Kalmar talla ce ta fara tsaya mini a rai. Na ce ta zauna. Na tambaye ta ko akwai wani abu a aikinta da ya hana ta barci a 'yan makonnin nan, abin da ta duba littattafai ta rasa, ta tambaye ni ni ma na rasa. Ta ce akwai. Na ce to daga nan za mu fara, domin ni a wurina dandalin da ya cancanci lokacin mai bincike shi ne wanda zai kai irin wannan tambayar ga mutumin da ya san amsarta.

Dalilin da ya sa na riƙe wannan ra'ayi wani hoto ne da na taɓa wallafawa shekarun baya. Ina aiki a kan ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani da ake samu a ruwan datti, kuma gwajin PCR, inda na'ura ke kwafin wani yanki na DNA zagaye bayan zagaye har ya yi yawan da za a iya gani, shi ne abin da nake yi safe da yamma. A kowane gwaji akwai bututu guda da ba a zuba masa samfur, ruwa ne zalla da sinadarai, don a tabbatar babu gurɓata. Wannan bututun bai kamata ya nuna komai a jikin jel ba, wato abin da DNA ke fitowa a kansa layi-layi. Nawa kuwa kullum sai ya fito da wani siririn layi, dishi-dishi, daidai wurin da layin samfurin gaske yake fitowa. Na canza ruwa. Na buɗe sababbin bututai. Na goge teburi da bilic har hannuna ya yi kaushi, na koma wani ɗakin na haɗa sinadaran a can. Mako uku layin nan yana nan daram. Wani dare, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na ɗauki hoton jel ɗin da wayata, na zagaye layin da jan alƙalami, na sa a Twitter da jimla biyu.

Da gari ya waye na tarar da amsoshi kamar bakwai. Shida daga ciki abin da na riga na gwada suka maimaita mini. Ta bakwai daga wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wata nahiya daban, wadda ban taɓa jin sunanta ba, mabiyanta ma ba su taka kara sun karya ba. Tambaya biyu ta yi mini: wane yanki na ƙwayar halitta nake nema, kuma zagaye nawa nake sa na'urar ta yi? Na ce yankin 16S, zagaye 40. Sai ta bayyana mini cewa sinadarin Taq da ke kwafin DNA a cikin bakteriya ake sarrafa shi, kuma yakan zo da ɗan ɓurɓushin DNA ɗin bakteriyar. Tunda yankin 16S kusan kowace bakteriya tana da shi, idan aka yi zagaye da yawa sai wannan ɓurɓushin ya hayayyafa har ya bayyana. Gurɓatar ba daga teburina take ba, a cikin kwalbar ta zo. Na rage zagayen zuwa 30, na sayo wani rukunin sinadarin da aka fi tacewa. Layin ya ɓace.

Har yau idan na tuna matar nan sai in yi mata addu'a. Ba farfesa ba ce, ba a gayyatar ta taron ƙasa da ƙasa ta gabatar da jawabi, kuma irin wannan sani da ke hannunta ba kasafai ake rubuta shi a sashen hanyoyin bincike na maƙala ba. Ilimi ne na wanda hannunsa ya daɗe a cikin aikin. Da ba don wuri guda ya haɗa mu ba, da babu yadda za a yi tambayata ta isa gare ta.

Abin da Twitter ya yi wa masu bincike ke nan a shekarunsa na tashe: ya tara kusan kowa a zaure ɗaya. Ɗalibi, editan mujalla, ɗan jarida mai rubutu kan kimiyya, da wanda ya ci kyautar Nobel, duk suna iya cin karo a ƙarƙashin saƙo guda. Haruffa 140 ne iyaka da farko, aka ninka zuwa 280 a 2017, kuma ƙarancin ya koya wa mutane su faɗi sakamakonsu kai tsaye ba tare da kewaye-kewaye ba. Aka saba da jera saƙonni takwas ko goma don bayyana sabuwar maƙala, hoto bayan hoto. Na karanta maƙaloli da yawa a lokacin waɗanda da ban taɓa sanin an yi su ba.

Sai Elon Musk ya sayi kamfanin a watan Oktoban 2022 a kan dala biliyan 44, ya canza masa suna zuwa X a watan Yulin 2023. Shuɗiyar alamar da a da take nuna an tantance mutum ta koma abin saye, kuma amsoshin masu biyan kuɗi suka riƙa hawa sama. A 2023 ɗin ne kuma aka rufe ƙofar da masu bincike ke ɗibar bayanan dandalin kyauta don nazari, abin da ya tsayar da ayyuka da dama na masu nazarin yaɗuwar labarai. A watan Agustan wannan shekarar mujallar Nature ta fitar da sakamakon tambayoyin da ta aika wa masana kimiyya: mutum fiye da 9,000 suka amsa, fiye da rabinsu suka ce sun rage zama a dandalin cikin wata shida da suka gabata, kusan rabi kuma sun buɗe shafi a wani wurin. Zauren ya watse, kowa ya kama gabansa. Wasu fannonin har yanzu suna da sauran jama'a a X, kuma ba na ganin laifin wanda ya zauna saboda mutanensa suna can. Nawa mutanen dai sun tashi.

Mastodon na fara komawa, kuma ina son sa har gobe. Wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya ƙirƙiro shi a 2016, kuma ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba. Dubban sabobi ne, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan mutane, masu zaman kansu da ke magana da juna ta ƙa'idar ActivityPub, kamar yadda mai adireshin imel a wani kamfani yake aika wa na wani kamfanin wasiƙa. Babu talla. Saƙonni suna zuwa bi da bi yadda aka rubuta su, babu wata na'ura da ke zaɓar maka abin da zai tayar maka da hankali don ka daɗe kana kallo. Haruffa 500 ne a yawancin sabobin, wanda ya isa mutum ya kawo hujja da sharaɗinta. Masana lissafi sun ji daɗinsa ƙwarai, domin sabar Mathstodon tana nuna alamomin lissafi da aka rubuta da tsarin rubutu na LaTeX yadda suke, kuma shahararren masanin lissafi Terence Tao yana rubutu a can. Idan lissafi kike yi, ko ilimin kwamfuta, ko kina cikin masu fafutukar buɗe sakamakon bincike ga kowa, zan ce ki fara leƙawa can. Amma yana da nasa nauyin. Tun ranar farko sai ka zaɓi saba alhali ba ka san bambancinsu ba, kuma da yawa mutum ɗaya ne ko biyu ke ɗawainiya da su don sa kai. Ranar da suka gaji, sabar na iya rufewa. Kana iya ƙaura da mabiyanka zuwa wata, amma tsofaffin saƙonninka ba sa bin ka. Ni abin da ya rage mini zama a can shi ne masu nazarin ƙananan halittu ba su taru sosai ba. Nakan yi tambaya a ji daɗin amsa mini cikin mutunci, sai dai wanda ya taɓa riƙe irin samfurina bai cika kasancewa a cikinsu ba.

Bluesky ne ya kwashi mafi yawan abokan aikina. A cikin Twitter aka fara tunaninsa a 2019, ya zama kamfani mai cin gashin kansa, ya yi zamanin sai da gayyata, sannan aka buɗe wa kowa a watan Fabrairun 2024. A watan Nuwamban shekarar masu shafi suka haura miliyan 20. Abu biyu ne suka sa ya karɓi masu bincike a ganina. Na farko, mutum zai iya tattara shafuka har 150 a ƙunshi guda, a ce na masu nazarin bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, sabon shiga ya latsa sau ɗaya ya bi su duka. Abin da ya ɗauke ni shekara uku ina tarawa a da, ɗalibi yanzu yana samu kafin ya tashi daga kujera. Na biyu, kai ne kake zaɓar zaren labaran da za ka gani, kuma akwai waɗanda masana suka tsara wa fannoninsu. Haruffa 300 ne iyaka. Can nake kai tambayoyina yanzu, can kuma nake ganin sababbin maƙalolin bioRxiv, ma'ajiyar daftarin maƙalolin kimiyyar halittu, tun ranar da aka ɗora su. Duk da haka ban saki jiki ba. Kamfani ne mai masu zuba jari, kuma masu jari watarana za su nemi ribarsu. Kayan aro ba ya rufe katara.

LinkedIn, wanda Microsoft ya saya a 2016, yana da amfani idan ana neman aiki, ko tallafin bincike, ko hulɗa da masana'antu. Ina da shafi, ina sabunta shi. Amma wuri ne da kowa ke shiga da rigarsa mafi kyau, kuma ban taɓa ganin wanda ya sa hoton gwajin da ya lalace a can ba. Kimiyya kuwa kaso mafi tsoka na kwanakinta gwajin da ya lalace ne. ResearchGate, dandalin masu bincike da aka kafa a 2008 kuma yake da mazauni a Balin, nakan shiga don roƙon marubuci ya aiko mini da maƙalarsa, kuma sau da yawa ana aikowa. Sashensa na tambaya da amsa gauraye yake, akwai gwal akwai tsakuwa, sai ka tace. Na ji daɗi da suka janye makin nan da suke liƙa wa kowane mai bincike a 2022, domin na ga matasa suna ta zuba tambayoyi marasa kan gado don makin ya hau.

Akwai wani kuskure da na yi wanda nake so ɗalibaina su kauce masa, kuma ya fi zaɓen dandali muhimmanci. Mun taɓa buɗe wani rufaffen zaure a wata manhajar hira, mu kusan arba'in daga ɗakunan gwaje-gwaje daban-daban, duk muna fama da ciro DNA daga laka da dagwalon ruwa. Wannan aiki ne mai wuya, saboda lakar tana ɗauke da sinadaran ruɓaɓɓun tsirrai da ke bin DNA ɗin su hana PCR tafiya. Wata da watanni muna gwadawa muna kawo rahoto: wannan ya ƙara wanki ɗaya, waccan ta tsarma samfurin kashi goma, wani ya canza tsawon lokacin girgiza. A hankali muka tsayar da hanya mai aiki. Hira ce mafi albarka da na taɓa shiga, saboda a rufe take, kowa yana faɗin kuskurensa ba kunya. Babu wanda ya tuna ya rubuta hanyar a wuri guda. Bayan shekara biyu wani sabon ɗalibi ya shigo da tambayar da muka riga muka warware, na koma in nemo masa, na tarar tsofaffin saƙonnin ba sa buɗuwa, wanda ya kafa zauren kuma ya bar aikin bincike. Muka yi ta haɗa guntayen abin da kowa ya tuna, kuma na tabbata wani abu ya salwanta. Laifinmu ne, ba na kowa ba. Irin wannan ta faru da jama'a masu yawa a fili lokacin da aka rufe Google+ a watan Afrilun 2019, inda masana lissafi suka shafe shekaru suna doguwar muhawara.

Tun daga lokacin na raba abu biyu a raina. Hira tana iya faruwa a ko'ina, amma duk abin da hirar ta haifa mai amfani sai an kai shi inda zai zauna. Hanyar gwaji tana tafiya protocols.io. Bayanai da hotunan gabatarwa suna tafiya Zenodo, ma'ajiyar da cibiyar binciken fiziks ta Turai, CERN, ke kula da ita tun 2013. Duka biyun suna ba da lambar DOI, wadda ko shafi ya ƙaura tana nan tana nuna inda abin yake. Daftarin maƙala yana tafiya bioRxiv, wanda aka buɗe a 2013, ko arXiv ga masu fiziks da lissafi, wanda Paul Ginsparg ya fara tun 1991 kuma ya girmi duk waɗannan dandalin da muke ta magana a kai. Sunana kuma yana rataye da lambar ORCID mai alƙaluma 16, wadda ba ta canzawa ko na canza jami'a ko na rufe shafukana duka. A dandali mahaɗi kawai nake sawa, da bayani a taƙaice. Idan dandalin ya rushe gobe, zan yi kewar mutane, amma aikin bai tafi da shi ba.

Wani abin da nake dubawa shi ne yadda wuri yake ɗaukar suka, domin musayar ilimi ba yabo ba ce kawai. Saurin intanet ya yi wa kimiyya rana a lokuta da ba za a manta ba. A watan Janairun 2020 masanin ƙwayoyin cuta Edward Holmes ya ɗora jerin ƙwayoyin halittar sabuwar cutar korona a shafin virological.org a madadin tawagar Zhang Yongzhen, kuma cikin kwanaki masu haɗa kayan gwaji da rigakafi suka kama aiki da shi. A 2010, da mujallar Science ta wallafa iƙirarin cewa wata bakteriya tana gina DNA ɗinta da sinadarin arsenik, masaniyar ƙananan halittu Rosie Redfield ta warware raunin gwajin dalla-dalla a shafinta cikin 'yan kwanaki. A watan Yulin 2023 wasu masu bincike daga Koriya ta Kudu suka ce sinadarinsu LK-99 yana wuce da lantarki ba tare da turjiya ba a yanayin zafin ɗaki. Ɗakunan gwaje-gwaje a ƙasashe da dama suka yi ta gwadawa suna sanar da sakamako a fili, kafin ƙarshen Agusta an gane cewa gurɓatar wani sinadarin tagulla da farar wuta ce ta haddasa alamun da suka ruɗi mutane. Amma a makonnin nan na LK-99 na ga yadda bidiyon ɗan ƙaramin dutse yana rawa a kan maganaɗisu ya zagaye duniya, bayanin masanin da ya yi aikin a natse kuwa mutum ƙalilan suka karanta. Dandalin da ke ɗaga abin da ya fi jan ido zai riƙa yi maka haka kullum. Taron tsintsiya ne, ba shara.

Saboda haka idan na ga matsala a maƙalar wani, ba dandali nake fara zuwa ba. Nakan rubuta wa marubucin imel tukuna. Sau da yawa sunan farko a kan maƙala na ɗalibi ne, kuma ban ga amfanin tara masa jama'a a kai ba saboda ya yi kuskuren lissafi a jadawali na uku. Idan shiru ta yi yawa kuma matsalar babba ce, akwai PubPeer, shafin tsokaci kan maƙalolin da aka wallafa, da aka kafa a 2012, inda tsokaci yake manne da lambar maƙalar, duk wanda ya zo karanta ta bayan shekara biyar zai iya gani. Masaniyar ƙananan halittu Elisabeth Bik ta bankaɗo hotunan da aka maimaita a maƙaloli masu ɗimbin yawa, kuma da yawan abin da ta gano a can yake a rubuce.

Na kuma gaya wa ɗalibar abin da ba a cika faɗa a wurin bita ba. Fili yana da haɗari, kuma haɗarin bai rabu daidai ba. A 2021 Nature ta tambayi masana fiye da 300 da suka yi magana a bainar jama'a kan korona, kashi 15 cikin ɗari suka ce an yi musu barazanar kisa. Masu aiki kan rigakafi da sauyin yanayi sun san wannan, mata kuma sukan sha nasu kason da ƙari. Don haka kafin ta saba da wuri, ta duba yadda ake toshe mutum, yadda ake taƙaita masu iya amsawa, da ko ana sauraron ƙorafi. Kada ta sa sakamakon da ba a wallafa ba sai da yardar duk abokan aikin. Kada hoton da zai nuna majiyyaci ko takardarsa ya fita ko da wasa. Idan kuma aikin yana iya kai wa ga rajistar mallakar ƙirƙira, ta sani cewa a Turai bayyana abu a fili kafin shigar da takarda yana iya kashe damar baki ɗaya, ko da saƙo ɗaya ne.

Ta ce, "To Malam, wanne zan zaɓa ke nan?"

Na ce ta ɗauko maƙaloli ashirin da ta fi komawa gare su a aikinta, ta rubuta sunayen marubutan farko da na ƙarshe, ta neme su ɗaya bayan ɗaya. Ba wai ta duba inda suke da shafi ba, don kusan kowa yana da shafuka huɗu da ya yi watsi da su. Ta duba inda suka amsa wa wani tambaya a cikin watan da ya wuce. Inda ta fi samun haka, can za ta buɗe, guda ɗaya tak, ta kashe sanarwar waya, ta ware masa rabin awa a rana.

Shekaranjiya ta dawo da takarda a hannu. Daga cikin mutum talatin da ɗaya da ta nema, goma sha biyu ba sa ko'ina sai imel, kuma na ce ta rubuta musu, don da tsohuwar zuma ake magani. Sauran sun fi yawa a Bluesky, 'yan kaɗan a Mastodon. Ta yi rajistar ORCID da safe, ta buɗe shafinta da rana, ta sa lambar a ƙarƙashin sunanta. Muka zauna tare muka gyara tambayar: ƙwayoyinta suna girma a faranti amma suna mutuwa da zarar ta mayar da su ruwan kiwo. Rubutunta na farko ya kai layi goma sha biyar, rabinsa ban-haƙuri ne kan cewa ita sabuwa ce. Muka share ban-haƙurin, muka bar sunan ƙwayar, irin ruwan kiwon, ma'aunin zafi, da abubuwa uku da ta riga ta gwada, muka liƙa hoton faranti da na kwalba gefe da gefe.

Jiya da yamma wani ya amsa mata, yana tambayar ko tana girgiza kwalbar kuma da wane sauri, domin wasu ƙwayoyin ba sa jure iska mai yawa. Tana girgizawa, da sauri sosai. Yau da safe ta shirya kwalba shida, uku a kan na'urar girgiza, uku a ajiye a rufe, kuma sai jibi za mu buɗe mu gani.